Zanen Fuskar Mahaifina

Wahala dai na sha ta. Ban taɓa yin aikin da ya cinye mini ƙafa da rai kamar neman asalin mahaifina ba, kuma ni ba mutumin da ya saba da hutu ba ne. Tela ne ni. Tun ina saurayi nake taka keke a bakin titi a Briqueterie, wata unguwa a Yawunde da mu muke kira Birik, har bayana ya lanƙwashe. Karatuna bai wuce na allo ba, sai ɗan bokon da na tsinta da girmana. Wanda ke neman daɗin zance ya yi haƙuri, abin da ya faru kawai zan faɗa.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, lokacin da ake gina gidajen Cité Verte, motocin yashi suna wucewa suna watsa mana jar laka a kan yadin mutane. 'Yata ta fari ta isa aure. Ba ƙaramar yarinya ba ce. Ta gama lekol, wato makarantar boko, ta koyi ɗinki, tana da kekenta a cikin gida tana yi wa mata aiki. Ita ta ga yaron ta ce ya yi mata, shi ma haka. Makaniki ne a wani gareji a Elig-Edzoa, kullum hannunsa baƙi ƙirin, amma yana durƙusawa ya gaishe ni ko da a cikin taɓo ne. Ban ga aibunsa ba.

Gidansu tsohon gida ne. Kakanninsa sun sauka a Yawunde tun zamanin Jamus. Mahaifinsa ya rasu, magana tana hannun baffansa, wani Alhaji mai shagon atamfa a kasuwar Mokolo. Wannan Alhajin yana iya lissafa maka iyayensa har Kano ba tare da ya ja numfashi ba. Mahaifiyarsa kuwa Bayarabiyar Ilori ce, kuma ba ya ɓoyewa, da alfahari yake faɗa. Shi ya aiko in same shi a shago.

Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo goro, sannan ya ce, "Malam, kai dai ba mu da abin cewa a kanka. Rigar nan ta jikina ma kai ka ɗinka. Amma mahaifinka mutumin ina ne?"

Na ce, "Bahaushe ne."

Ya ce, "Ai ni ma ban ce Bature ba ne. Na wane gari? Ɗan wane gida?"

Wannan kuwa ban sani ba.

Ya ce, "A gidanmu ba a ɗaura aure sai an san inda mutum ya fito. Ba ni na ƙirƙiro ba, haka na tarar. Je ka bincika. In ka samo, bismilla. In ba ka samo ba, kada ka ga laifina."

Bai faɗi sauran ba, amma na ji shi. A wancan lokacin in aka ga tsoho a kudu ba ya ambaton garinsu, abin da ake zato shi ne ba da ƙafarsa ya zo ba, sayar da shi aka yi. Na fito daga Mokolo wannan tunanin na bina. Ni kaina ban san ko haka ne ba.

Wani zai ce, yaya za a yi ka girma a gaban mutum ba ka san garinsu ba? To ni ɗan fari ne. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. "Wancan" yake cewa, ko "yaron nan". In yana son in ɗebo ruwa, bango yake faɗa wa, ni kuma in tashi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ake yi. A Yoko aka haife ni, kan hanyar fatake da masu shanu. Mahaifiyata 'yar ƙasar ce, ta rasu ban yi wayo ba, ƙannena biyu suka bi ta. Shi kuma mai jakuna ne, rabin shekara yana kan hanya. Ranar sunana ma ba ya gari, shi ya sa fuskata ba zane, wanzamin wurin ya ce ba zai yi kame-kame a fuskar ɗan mutane ba. Sai da idonsa ya tafi na je na ɗauko shi na kawo shi Birik. Ya yi 'yan shekaru a ɗakin ƙurya, ba ya fita sai Juma'a, rawani ya rufe masa rabin fuska, gemu ya rufe sauran. Ya rasu jim kaɗan bayan an samu 'yancin kai. Hoto kuwa bai taɓa yarda an ɗauke shi ba.

Na fara da tsofaffin unguwa. Akwai wani mai gyaran takalmi da yakan shiga ya gaishe shi, ya ce mini Bakatsine ne, ba shakka, ya ga zanen. Na ji daɗi. Kwana biyu sai wani tsohon mahauci ya rantse da Allah Bazamfare ne, shi ma ya ga zanen. Na haɗa su wuri ɗaya don su daidaita, suka kusa dambe a ƙofar masallaci, aka dawo ana ba ni haƙuri ni da na kawo su. Na je wurin masu shanu na sami wani tsoho da aka ce ya bi hanyar Yoko shekara da shekaru. Kurma ne. Na yi ta ihu a kunnensa har maƙogwarona ya bushe, a ƙarshe ya ce ya tuna jakin, wani ja mai yankakken kunne, amma mai jakin bai tuna shi ba.

Sai na rufe shago na hau babbar mota zuwa Yoko, cikin damina. Wannan hanya Allah ya raba bawansa da ita. Mun fi tura motar a kan hawanta. Duk inda aka tsaya jandarma ya ce a sauko a nuna takarda, ka tsaya cikin ruwa yana jujjuya ta kamar zai ci. Da na isa, zangon da na sani ya zama gonar rogo. Waɗanda suka san shi duk suna maƙabarta. Wata tsohuwa ce kawai ta ba ni ruwa, ta dube ni ta ce, "Kai ne ɗan mai jakunan nan marar magana? Allah ya jiƙansa, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba." Na ce ta san garinsu? Ta ce, "Arewa dai." Da wannan na dawo, da zazzaɓi.

A gida kuwa abin ya fara nunawa. Yaron ya daina biyowa ta ƙofarmu, an ce baffansa ya hana shi har sai an ji daga gare ni. Yarinyar kuwa, kekenta da nake ji tun daga zaure ya koma sai ya yi kaɗan ya tsaya. Uwarta ta ce mini tuwo ma taɓawa kawai take yi. Ni kuwa ban tambaye ta ba, ban lallashe ta ba. 'Yar fari ce. Yadda aka yi mini haka nake yi mata. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama na yi hira da ita ba, in ina da saƙo uwarta nake ba.

Da zazzaɓin ya sake ni na je aski. Akwai wani wanzami da bai daɗe da zuwa daga wajen Sakkwato ba, cikin waɗanda suka shigo bayan yaƙin Najeriya. A gindin mangwaro yake zama, bayan masallaci, bakinsa ba ya hutawa. Yana jiƙa mini kai ya ce, "Tela, ka rame. Mata ne ko masu kaya?"

Na ba shi labari, don na gaji da riƙe shi.

Ya ajiye askar ya ce, "Kai, wannan ne ya kai ka Yoko? Ai da nan ka fara zuwa. Mutumin da ke da zane ba ya ɓata. Katsina da Gobir da Zamfara da Kabi, daga nesa duk kamarsu ɗaya, shi ya sa tsofaffinka suke faɗa. Amma kowa da adadinsa, kowa da inda nasa ya tashi da inda ya tsaya. Mu muke yi, mu muka sani." Ya tsinci wani guntun gawayi ya miƙo mini. "Zana mini a ƙasa yadda yake, in gaya maka ƙasarsu kafin kanka ya bushe."

Na karɓi gawayin. Na durƙusa. Na zana da'ira, wai fuska. Daga nan hannuna ya tsaya.

Na san akwai zane. Na san dogaye ne. Amma guda nawa, daga ina zuwa ina, wane kunci ya fi, wallahi ban sani ba. Shekara talatin da wani abu muna tare da mutumin nan, ban taɓa ɗaga ido na tsaya a fuskarsa ba. In yana magana kaina a ƙasa yake. Ko ranar da muka yi masa wanka, liman ne ya kama wajen kai, ni ina wajen ƙafa ina zuba ruwa.

Wanzami ya ce, "Yaya dai?"

Na ce, "Ƙafarsa na sani. Diddigensa na dama yana da faso uku. Babban yatsansa na hagu ba farce, jaki ya taka shi. In ka kawo mini ƙafa ɗari zan fitar da tasa."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ga ni ba dariya nake ba, ya daina. Ya ce, "Tela, ni ban koyi karatun diddige ba. Ka je ka nemo wanda ya taɓa kallon tsohon nan ido da ido. Ba zai yiwu a ce babu ba."

Na koma gida da azahar, ana yayyafi. Na zauna a bakin ƙofa ina wanke laka da buta, na gaya wa maiɗakina yadda muka yi. Na ce, "Ke da kike kai masa abinci kullum, ba ki gani ba?"

Ta ce, "Malam, surukina fa? Ni in kalli fuskarsa? A bakin ƙofa nake ajiye kwano in juya."

Na ce shi ke nan, magana ta ƙare, gobe zan je in gaya wa Alhaji ban samo ba.

Keken da ke tafiya a ɗaki ya tsaya. Can sai muka ji murya daga bayan labule, a hankali. "Inna, ki ce wa Baba shida ne a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan."

Na dubi uwar, uwar ta dube ni. Na ce, "Tambaye ta ina ta sani."

"Wai ina kika sani?"

"Inna, ki ce masa ni nake ƙirga su."

"Ta ce ita take..." Sai maiɗakina ta yar da tsintsiyar da ke hannunta. "Kai, ni na gaji! Ni tafinta ce a gidan nan? Ga ku ga juna, taku uku tsakaninku. Ke fito ki gaya wa ubanki da bakinki, tukunyata na ƙonewa."

Ta fito ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa, ni ma nawa a ƙasa. Sai a lokacin na tuna. Tana ƙarama, in na dawo daga shago nakan ji su a ɗakin ƙurya, ita da tsohon, suna ta faɗa irin na jika da kaka. Yana ce mata amarya, tana ce masa ita ba ta son miji marar haƙori. Yana cewa zai sake ta ya auro mai iya tuwo. Nakan wuce da sauri, don bai kamata in tsaya ina jin mahaifina yana dariya ba. Ban taɓa tunanin abin da suke faɗa bayan dariyar ba.

Ta ɗauko gawayi a murhu, ta kife ƙwarya a gabanta. Ta rufe ido, ta ɗora yatsan hagu a gefen bakinta ta ja shi zuwa kunne, hannun dama kuma yana bin sa a bayan ƙwaryar. Haka ta yi ɗaya bayan ɗaya, duk sun taso daga gefen baki sun bazu. Ta juya ƙwaryar ta yi na ɗaya gefen. Sannan ta ɗiga wani gajere a sama ta ce, "Wannan ba a ƙirga shi. Ya ce ba na gado ba ne, jaki ne ya harbe shi."

Ban san lokacin da na ce mata, ita da kanta, "Me kuma ya gaya miki?" ba.

Ta ce wasa suke yi. Takan hau cinyarsa ta kwance masa rawani ta bi zanen da yatsa. In ta ƙirga daidai sai ya biya ta da labari, in ta yi kuskure ya ce sadakinsa za a mayar masa. Daga nan ta san sunan ƙauyensu, kusa da Sabon Birnin Gobir, da sunan mahaifinsa da na kakansa. Fatake ne, masu kai kanwa da baƙin yadi Adamawa. Yana yaro mahaifinsa ya tafi da shi tafiyarsa ta farko, don ya koyi kora jaki. Kusa da Banyo ciwon ciki ya kama uban, ya rasu a zango. Ayari ba ya jira. Madugu ya bar yaron a hannun wata mai sayar da fura, da jakuna biyu na ubansa, a kan in sun juyo za su ɗauke shi. Ba su juyo ta nan ba. Matar nan ba ta haɗa komai da shi ba, amma ta riƙe shi, ba ta sayar da jakunan ba, ba ta sayar da shi ba, a lokacin da yin hakan ba wuya. Da ya kawo ƙarfi ta miƙa masa igiyarsu ta ce ga gadonka.

Ta ce ya bar wata yayarsa a gida, wadda ta goya shi. Ranar da za su tashi ta bi su har bayan gari tana kuka, ta ɗaura masa ƙuli-ƙuli a bakin riga. Bai sake ganinta ba. Tana da wushirya. Shi ma tsohon, da yake ba ya gani, yakan shafa fuskar jikarsa, ya sa yatsa a haƙoranta na gaba ya ce, "Ga ta nan, ta biyo ni har nan."

Sannan ta ce, "Yana kuma maganarka, Baba."

Sai ta ci gaba.

"Ya ce ranar da ka je ɗauko shi a Yoko, motar ta lalace, ka goya shi a baya har wani gari. Ya ce ya so ya sa maka albarka a ranar, bakinsa ya ƙi. Sai ya sa wa bayanka a zuci."

Na tashi na shiga bayan gida da butata, na daɗe ban fito ba.

Da la'asar na ɗauki ƙwaryar a cikin tsumma, kada yayyafi ya wanke ta, na kai wa wanzami. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce, "Bagobiri! Wa ya zana wannan? Hannunsa ya fi na wasu masu aska." Na faɗa masa sunan ƙauyen. Ya ce gidan dai bai sani ba, ba zai yi mini ƙarya ba, amma ƙauyen ya ci kasuwarsa ba sau ɗaya ba, kuma har yanzu ana kiran wata unguwa a can da ta fatake. Na ce zai iya maimaita wannan a gaban Alhaji? Ya naɗe zabirarsa ya ce, "Mu je. Dama yau ba kai ko ɗaya sai naka."

Muka sami Alhaji yana shirin rufe shago. Na kwance tsumma na ajiye ƙwarya a kan teburin da yake yanka atamfa. Na faɗi sunan mahaifina da na ubansa da na kakansa, na faɗi garin, na ba da labarin zango da mai fura. Wanzami ya faɗi nasa. Alhaji ya ɗauki ƙwaryar ya kai ta bakin ƙofa wurin haske, ya ƙirga da yatsa. Ya daɗe.

Sai ya kece da dariya. "Bagobiri! La ilaha illallahu. Shekara nawa ina biyan bawan uwata kuɗin ɗinki ban sani ba!"

Kalmar da na yi makonni ina tsoro ke nan, ga ta ta fito, amma ta hanyar da ban zata ba. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa tun na kakanni, kowa na cewa shi ne ubangijin ɗaya, ba a fushi. Ni ban taɓa yin wannan wasa ba, don ban san ina da shi ba. Wanzami ya zungure ni ya ce, "Rama mana, Tela, kada ka ba mu kunya."

Na ce, "Alhaji, in ka gama dariya ka sauko ka gaida ubangidanka. Kuma goron da za ku kawo kada a sa masa barkono."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ka ji shi, yau ya samu gari har ya fara. To ranar Juma'a muna tafe, ku share gida." Da zai miƙo mini ƙwaryar ya ce, "Wa ya riƙe muku wannan duka?" Na ce yarinyar ce. Ya jinjina kai ya ce, "Ita muke so dama."

A hanyar dawowa na yi wa mai furar nan ta Banyo addu'a, matar da ko sunanta ba mu sani ba. Na yi wa gwaggona mai wushirya. Na yi wa tsohon, wanda ya rasa yadda zai gaya mini, ya ajiye a inda ya san zan samu. Na gode wa Allah da ya sa wanzamin nan ya baro Sakkwato ya zo ya zauna a gindin mangwaronmu. Da na shiga gida na gaya wa uwar, da ƙarfi yadda za a ji a bayan labule. Ba a jima ba keken ya tashi, bai tsaya ba har magariba.

Washegari ban buɗe shago ba, ko da yake akwai rigunan mutane. Na je bakin titi na sayo makala, fanken garin nan, da wake da kunu mai zafi. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin ƙurya, inda tsohon yake zama ya sha hantsi, na ajiye ƙwaryar a tsakiya. Sunanta dai ban iya kira ba, har yau ban iya ba. Cewa na yi, "Amaryar tsoho, zo ki karya." Uwar ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu, ta koma.

Ta zo ta zauna a gefen tabarma. Na tura mata kwanon. Na ɗaga kai na dube ta sosai, ta yi murmushin kunya, na ga wushiryar. Sannan na ɗora yatsa a kan zane na farko na ce ta faro mini daga nan, kada ta tsallake komai.